Yatsun Matan Gidanmu a Takardar Jibirilla

Sallama gare ku masu karatu, da masu bibiyata don su ƙaru, da masu bibiyata don su samu abin yi da baki. Na ga saƙonninku duka. Wata ta rubuto daga Maraɗi wai in rage iyayi, miji mai kamyo uku, manyan motocin kaya, ba a tsintarsa a kwararo. Na gode, 'yar'uwa. Ki daure ki karanta na yau har ƙasa. In kin gama kina nan a kan bakanki, ki yi magana in ba ki lambarsa, ba ya kashe waya.

Wanda yau ya fara shigowa, ga ni a taƙaice. Sunana Rumasa'u, shekarata ashirin da huɗu, haifaffiyar Gure. Ɗinki nake yi a ɗakin da ke manne da zauren gidanmu. Lakwal, wato makarantar boko, ban yi nisa ba, amma ina karanta Faransanci, a hankali, da yatsa a ƙarƙashin layi. Mai nemana sunansa Jibirilla, ɗan kasuwa ne, kamfaninsa na kai kanwa da dabbobi kudu, ya juyo da shinkafa da mai da atamfa. Kada wani ya ɗora wa iyayena abin da ba su yi ba: ba wanda ya tilasta mini shi. Ni na gan shi da idona, na ga farar shadda, na ji ƙamshi, na ce ina so. Ranar nan da ƙafafuna da idanuna na fita, hankalina na bar shi a gida.

Abin da zan ba ku yau ya faru ne saura kwana goma sha a yi zaɓe.

A lokacin gidanmu ya rabu biyu. Ba zan faɗi sunan jam'iyyu ba, ina son keken ɗinkina ya kwana lafiya. Ku kira ɗaya jam'iyyar Baba, ɗaya jam'iyyar Kawu. Baba shi ne mahaifina, Malam Hashimu, manomi. Kawu Ɗanjuma ƙanen Inna ne, da direba ne a hanyar Agadas, tun da aka tsananta wa masu ɗaukar matafiya arewa ya ajiye mabuɗi ya koma sana'ar gardama. Kullum da hantsi sai su shimfiɗa tabarma daidai tagar ɗakina, su ɗora shayi, su ɗauko ƙasar Nijar su gyara ta kafin azahar.

"Namu ɗan takarar ya ce zai kafa aiki a nan," in ji Baba. "Yaro ba zai ƙara ketare hamada ba. Alhasan ya dawo ya samu abin yi a ƙofar gida."

"Wane aiki, Malam? Tafi a wurin mitin?" Kawu ya kurɓi shayi. "Namu ya ce zai buɗe hanyar arewa. Mai tafiya ya bi hanya sosai, ba bayan dutse ba, inda in mota ta mutu sai a mutu tare da ita."

"Wato ku kwashe mana 'ya'ya da rana tsaka."

"Ku kuma ku tsare su a gida su yi ta gadin inuwa."

In suka gaji da wannan sai su koma kan lampo, wato haraji. A nan ne abin dariyar yake, don maganarsu ɗaya ce, amma sai sun yi faɗa a kanta.

"Namu ya ce manyan kamfanoni sai sun biya, a bar mai tebur ya huta."

"Namu ma ya faɗa."

"Namu ya riga faɗa."

"Namu da ya faɗa har lasifika ta ƙone."

Ni ban taɓa sa musu baki ba. Amma in ana neman wanda ya san bambancin jam'iyyun nan biyu a Gure, a zo wurina, ni nake ɗinka atamfarsu. Ta jam'iyyar Baba zuba take yi, wanki ɗaya fuskar ɗan takara ta koma kamar an mare shi da jan miya. Ta jam'iyyar Kawu ba ta zuba, ita tsukewa take yi, ki ɗinka riga ta sallah ki wanke ta zama ta ƙanwarki. Iyakar bambancin da na gani ke nan, kuma na duba da kyau, har da gefen zanen. Duka biyun daga mangazar Jibirilla, babban ɗakin ajiyar kayansa, suke fitowa. Shi ya shigo wa waɗannan, shi ya shigo wa waɗancan. A motarsa huluna biyu ne a ajiye, yana sauyawa gwargwadon unguwar da ya shiga. Da na taɓa tambayarsa shi wa yake yi, dariya ya yi ya ce, "Ruma, ɗan kasuwa ba shi da jam'iyya, kamyo gare shi." Ni kuma na yi ta murmushi, wai na samu miji mai wayo.

Alhasan da kuka ji Baba ya ambata yayana ne. Shekara uku ke nan yana Sabha, a Libiya. Da yaron shagon Jibirilla ne, rana ɗaya muka wayi gari aka ce ya tafi neman arziki, ko sallama bai yi mini ba. Duk Juma'a yana turo saƙon murya: lafiya lau, aiki lafiya, a gaida Inna. Shekara uku mutum yana lafiya lau da murya irin ta wanda bai karya ba.

To, ranar Asabar aka kawo akwati.

Goggon Jibirilla, Hajiya Mairamu, ita ta jagoranci tawaga daga Damagaram. Ni kun san amarya ba ta tsayawa, gidan maƙwabta aka tura ni, amma katangarmu gajera ce, kuma kunnena lafiyarsa ƙalau. Akwati huɗu. Leshi mai duwatsu, shadda mai maiƙo da in ka naɗe ta sai ta yi ƙara, takalma masu tsini da ba za su yi taku biyar a rairayin Gure ba, humra, turaren wuta cikin kwalabe, sarƙa da 'yan kunne. Ana ɗagawa ana guɗa. Matan unguwa sun cika tsakar gida, kowacce ta ci ado, rabi da atamfa mai zuba, rabi da mai tsukewa.

Da aka gama gani, sai Hajiya Mairamu ta buɗe jakarta ta fito da farar takarda da ɗan akwatin tawada, wanda ake ce wa tampo.

"To, iyaye," ta ce, "yanzu a Damagaram in an ga akwati, duk wadda ta gani sai ta dangwala yatsa. Shaida ce, don kada gobe a ce an kawo kaza babu kaza."

Ba wadda ta taɓa jin wannan al'ada, kuma ba wadda take son a gane ba ta taɓa ji ba. Kakata ce kawai ta yi magana, Ya Kaka, mahaifiyar Baba, wadda shekarunta sun wuce ta ji kunyar kowa.

"Yaushe aka fara?"

"Bara, Iya."

"Shi ya sa. Bara ban je ko'ina ba."

Sai wata maƙwabciyarmu ta yi caraf ta ce ai ita ma ta ji ana yi a Yamai. Shi ke nan, magana ta ƙare. Mu mutanen Gure mu yarda 'yan Damagaram su koma su ce sun je ƙauye? Aka yi layi. Hajiya ta ƙara da cewa kowacce ta nuna kartinta na zaɓe a ɗauki hoto, don a san sunan wadda za a aiko wa tukwici. Wannan kuwa bai ba kowa wahala ba, don lokacin zaɓe ne, kowace mace kartinta na ƙulle a bakin zane, ba a samun atamfar jam'iyya sai an nuna shi. Mata ashirin da bakwai suka dangwala. Inna kwana uku tana wanke-wanke da hannun hagu, don kada shuɗin ya goge kafin kowa ya gani.

Ku 'yan mata masu karanta ni, ku ji da kyau. Duk al'adar da aka ce bara aka fara ta, ku tambayi sunan wanda ya fara.

Ranar Talata da safe ina kan keke saƙon Jibirilla ya shigo.

"Ruma tawa, kin tashi lafiya? Bayan la'asar ina tafe da wata 'yar takarda. Ki sa leshin nan mai ruwan zuma."

"Takardar me?"

"Ta alheri. Kin zama shugaba."

"Shugabar me?"

Sai ya turo fuskar dariya guda uku da fure ɗaya. Na sa leshin kuwa, har da ɗaurin kallabi mai hawa biyu. Ina gaya muku ne don ku san ban fi kowa wayo ba.

Ya zo cikin shadda ruwan toka, agogo na walƙiya, kansa ba hula, da alama bai tabbatar ko Baba zai tarar ko Kawu ba. Muka zauna a zaure. Bayan gaisuwa ya miƙo mini takarda shafi uku da bik na rubutu.

"Nan ƙasa kawai za ki sa hannu."

"Bari in karanta."

"Faransanci ne, Ruma, zai sa miki ciwon kai."

"Ina da magani."

Na ɗora yatsa na fara bi. Ƙungiyar mata manoma da masu ƙananan sana'o'i, sunanta Matan Tudun Kanwa. Manufarta taimakon kai da kai. Shugaba: Rumasa'u Hashimu. Ma'aji: Ya Kaka, matar da in ta ajiye carbinta sai duk gida ya tashi nema. Kayan da ƙungiya ke jira daga waje: shinkafa, mai, atamfa, kamyo uku.

Na buɗe shafi na biyu. Yatsu ne shuɗɗa a jere, an rubuta suna a gefen kowane. Na uku daga sama akwai farin layi da ya raba shi biyu. Wannan yatsan na san shi tun ina goye, wuƙar yankan kuɓewa ce ta yanke Ya Kaka tana budurwa. A gefen takardar har da ɗigon kunun gyaɗa da aka sha ranar akwati.

"Wannan ba takardar akwati ba ce?"

"Ita ce. An ƙara mata kai ne kawai."

Ko ɗar bai ji ba. Ya gyara zama ya yi mini bayani a hankali, kamar mai koya wa yaro alwala.

"Kin ga, kamfani in ya shigo da kaya, duwan ta bakin iyaka ta ɗiba, lampo ya ɗiba, kafin ka ankara kai ne yaronsu. Amma ƙungiyar mata marasa ƙarfi, in ta samu takardar da ta dace, ana sassauta mata. Ba sata ba ce. Doka ce ta bar ƙofa a buɗe."

"Mata ta bar wa."

"To, ku ba mata ba ne?"

"Shinkafar tamu ce?"

"A takarda."

"A tukunya fa?"

Ya yi dariya har da tafa cinya. "Shi ya sa nake son ki. Ke da ni ai ɗaya ne, nan da wata biyu tukunyar ma ɗaya ce."

"In wata rana aka zo bincike, wa za a nema?"

"Ba za a zo ba. Duk wanda ya ci zaɓen nan, da atamfata magoya bayansa suka yi rawa."

"Na ce in an zo."

Ya dubi agogonsa. Ya ce kamyo suna tsaye a iyaka suna jiran wannan takarda, ya ba ni zuwa Alhamis da hantsi in yi shawara da iyayena, tunda ni mai biyayya ce. Ya kai bakin ƙofa sai ya juyo, kamar yanzu abin ya faɗo masa.

"Af, na manta. In kayan nan suka shigo lafiya, zan aika a ɗauko Alhasan. Ya isa haka nan, ko ba haka ba?"

Wannan maganar bai faɗe ta a hankali ba. Ya faɗe ta yadda za ta tsallaka labule ta samu Inna a madafi. Ta kuwa same ta.

Ban gama cire kallabi ba Inna ta shigo ɗakina, hannunta duk gari.

"Me kike jira?"

"Inna, kin san abin da kika dangwala wa yatsa?"

"Akwati."

"Kamyo uku ne."

"To, Allah ya ƙara na huɗu. Ke dai ɗana zai dawo ko ba zai dawo ba?"

Na ɗauka wurin maza zan samu sauƙi. Laraba da hantsi na fita da takardar na durƙusa gefen tabarmar shayi, na karanta musu ina fassarawa. Na ce ga babban kamfani zai ɓuya a bayan zanen mata don kada ya biya lampo, abin nan da 'yan takararku biyu suka rantse za su hana. Na jira in ga wanda zai riga tashi.

Baba ya dubi Kawu. Kawu ya dubi butar shayi.

"Ai manyan kamfanoni da ake faɗa," in ji Kawu, "na Turawa ake nufi. Masu haƙar ƙasa."

"Su fa," in ji Baba. "Jibirilla ɗan gida ne."

"Ɗan gida ne. Kuma kamyo uku ai ba babba ba ne."

"Matsakaici ne."

Wata uku ina jin mutanen nan ta taga, ko a kan zaƙin shayi ba su taɓa yarda da juna ba. Ranar na haɗa kan jam'iyyu biyu da takarda shafi uku. Ya kamata a ba ni lambar yabo.

Na wuce ɗakin Ya Kaka. Na same ta tana shan hantsi a bakin ƙofa, ta miƙe ƙafafu. Na gaya mata ta zama ma'aji.

"Ma'ajin me?"

"Na shinkafa da mai da atamfa."

"To, ina ajiyar?"

"Tana mangazar Jibirilla."

"Mabuɗin fa?"

"Yana aljihunsa."

Ta murza yatsanta mai tabo. "Ni don akwati na ba da yatsana," ta ce. "In don kamyo ne, a maido mini abina." Sannan ta dube ni sama da ƙasa. "Ke kuma da kika tsaya kina zare ido, son shi kike yi har yanzu?"

Na sunkuyar da kai. Ku ma ba zan yi muku ƙarya ba: ina son shi. Haushinsa nake ji har wuya, amma da wayata ta yi ƙara sai gabana ya faɗi in duba ko shi ne. Wadda ta iya kashe so da karatun shafi uku ta zo ta koya mini.

Da la'asar na kusa sallamawa. Na ce a raina sa hannu ne kawai, mata nawa suka sa hannu a abin da ba su sani ba suna nan suna cin tuwo. Na ɗauki hoton takardar na tura wa Alhasan, na rubuta masa: "Yaya, ga abin da zai dawo da kai gida. Gobe zan sa hannu." Ina so ne ya yi murna, in samu abin da zan riƙe.

Bai amsa ba ranar. Alhamis da safe ina share ɗaki saƙon murya ya shigo, minti huɗu. Alhasan da bai taɓa wuce rabin minti ba, kuma ba Juma'a ba. Na rufe ƙofa na kara a kunne.

Babu lafiya lau a ciki.

"Rumasa'u, kada ki sa. Ki ji ni, kada ki sa. Kin san abin da ya kawo ni nan? Irin wannan takardar ce. Jibirilla ya ce mini na zama darekta, har riga ya ɗinka mini. Na sa hannu a wuri shida. Shekara biyu kaya na shiga da sunana, ni ina shara a shago. Da takardar lampo ta zo, sunana ne a kai, nasa babu ko a gefe. Ya ce in hau arewa in ɗan sha iska kafin ƙura ta lafa, shi ya biya mini mota. Ga ni ina shan iska shekara uku. Na so in gaya miki tun da ya fara zuwa wurinki, aka rantsar da ni. Aka ce in ya zama surukin gida dole ya gyara. Ni dai na karya rantsuwa, zan yi kaffara. Kada ki sa."

Sauran minti biyun ba magana ba ce sosai. Ba zan rubuta muku shi ba, yayana ne.

Da hantsi motar Jibirilla ta tsaya. Yau da hula ya zo, ta jam'iyyar Baba, don ya san Kawu ya tafi kasuwar Gidigir. Suka zauna a zaure shi da Baba. Aka aiko in zo. Ban sa leshi ba. Na fito da zanen aikina, zare duk ya manne a jiki, takarda a hannu ɗaya, waya a ɗaya.

Na durƙusa na gaishe su. Jibirilla ya zaro bik daga aljihu ya cire masa marfi da kansa, don kada in wahala.

"Baba, kafin nan akwai saƙo daga Sabha."

Na ajiye wayar a tsakiyar tabarma na ƙure murya. Muryar Alhasan ta cika zauren. Ban dubi Jibirilla ba, Baba nake kallo. Ina jira in ga lokacin da zai gane wanda ya zaunar a tabarmarsa. Na riga na shirya yadda zan riƙe shi in ya tashi da sanda.

Saƙon ya ƙare. Baba bai motsa ba.

"Na sani," ya ce. "Ni na kai shi tasha."

Na ji bayan labule wani abu ya faɗi, kamar murfin kwano. Inna ce. Ita ba ta sani ba.

"Kai ka rantsar da shi, Baba?"

"Ni ne." Muryarsa ta yi ƙasa. "Me kike so in yi? In bari a zo a tafi da shi a gaban uwarsa? Yanzu ga hanya ta samu. Jibirilla ya yi mini alkawari, in kayan nan suka shigo zai je ya biya abin da ke kan yaron, a goge sunansa, ya dawo ya yi yawo a gari kamar kowa."

"A goge nasa a rubuta nawa."

"Ke mace ce. Ba a ɗaure mace a kan takarda."

"Wa ya faɗa, Baba? Yana cikin alkawuran ɗan takararku?"

Ban taɓa mayar wa mahaifina magana ba sai ranar, kuma ba na alfahari da ita. Ya ɗago ya dube ni, idanunsa sun yi ja, ban san ko fushi ba ne ko wani abu da ya fi fushi ciwo.

Jibirilla ya yi gyaran murya. Har yanzu murmushinsa na nan, ko kaɗan bai tsuke ba, ya fi atamfarsa inganci.

"Ruma, Alhasan yaro ne, tsoro ya ji. Ke kuwa matata za ki zama. Akwai mai jefa matarsa a rami?"

"Shi ma ka ɗinka masa riga."

"Wannan daban."

"Ni akwati huɗu. Na fi shi tsada, na gode."

Na ɗauki takardar na ninke ta huɗu, na tura cikin rigata inda ba mai iya sa hannu a gaban mahaifina. Na ɗauki wayata. Na shiga ɗaki na zari mayafi, na fito ta gabansu na sa takalmi.

"Ina za ki?" in ji Baba.

"Zan je a karanta mini. Faransancina ba shi da ƙarfi."

"Rumasa'u."

Ban juya ba. Ya ƙara kira, har sau uku, na ukun daga tsakiyar titi. Na bi ta bayan kasuwa, rairayi na cika mini takalmi, na wuce motar jam'iyyar Kawu tana ta kiɗa, na wuce ta jam'iyyar Baba ita ma tana nata, duka biyun suna rantsuwa ta lasifika cewa talaka ya kusa hutawa. Ofishin lampo ba shi da nisa. Ban taɓa shiga ba, iyakata in wuce ta gabansa in zan je sayen zare.

Saura taku kaɗan in kai ƙofa wayata ta yi ƙara. Gabana ya faɗi, kamar kullum. Shi ne. Babu fure, babu fuskar dariya.

"Kafin ki shiga ki sake duba shafi na biyu. Sunana ba ya ciki. Na bakwai daga sama yatsan uwarki ne."

Na tsaya. Na zaro takardar na buɗe a tsakiyar rana, na ƙirga da yatsa. Ɗaya, biyu, Ya Kaka, huɗu, biyar, shida. Na bakwai ya fi kowane shuɗi. Inna ta danna da ƙarfi, don kada 'yan Damagaram su ce ba ta iya ba.

Mai gadin ofishin, wani dattijo da ke zaune a kan benci, ya daɗe yana kallona. Ya sauke rediyonsa daga kunne.

"'Yata, shiga za ki yi, ko inuwa kike nema?"

Na ninke takardar. Na ce masa, "Baba, wanda ya zo tona kansa da kansa, wace ƙofa yake bi?"

Ya tashi tsaye a hankali, ya ɗage labulen ƙofar.